André Salifou: ɗan Zinder da ya sa tarihin Damagaram a littafi



Yau maganarmu a kan mutumin da kusan kowa ya san sunansa a garin nan take, amma kaɗan ne suka san aikinsa. Jami'ar Zinder sunansa take amsawa. In ka tare matashi a Birni ko a Zango ka tambaye shi wane ne André Salifou, zai ce maka ɗan siyasa ne, ko kuma ya ce shi ne ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Duk gaskiya ne. Sai dai shekara ashirin kafin wannan taro, ya riga ya yi aikin da ya fi shafar mu kai tsaye: ya zauna ya rubuta tarihin daular Damagaram, littafi guda sukutum. An haife shi a Zinder a 1942, ya rasu a watan Mayu na 2022. Bari mu duba me ya yi, da kuma abin da ya bar mana mu ƙarasa.

KAFIN SHI, WA KE BA DA LABARINMU?

Damagaram ba ta taɓa rasa masu riƙe tarihi ba. A fada akwai dattawa da makaɗa da maroƙa masu jero sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu a ka. A zaurukan malamai akwai takardu na Larabci da ajami. Amma abin da ya fita duniya, wanda ake karantawa a manyan makarantu, baƙi ne suka rubuta shi.

Bature ɗan Ingila James Richardson ya sauka Zinder a watan Janairu na 1851. Abin da ya fi cika masa ido shi ne cinikin bayi da irin hukuncin da sarki ke zartarwa, shi ya cika takardunsa da su. Bajamushe Heinrich Barth ya biyo ta nan a ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. Bayan Faransawa sun ci ƙasa, tawagar Tilho mai shata iyaka tsakanin 1906 da 1909 ta tattara labaran sarautu daga bakin mutane. Sai kuma rahotannin kumandoji da ake aikawa sama. Waɗannan takardu suna da amfani, ba mu raina su ba. Amma kowa da abin da ya kawo shi. Kumandan da ke rubutu so yake ya san wa zai biya haraji, wa ke yi masa biyayya, wa kuma ke shirin tayar da kai. A cikin irin wannan rubutu, kakanninmu abin kallo ne kawai. Ku tuna, barikin soja da aka gina kan duwatsun garin nan, sunan Kazamaju aka sa masa, wato Baturen da aka kashe a Zinder. Yaron da ya shiga lakwal a wancan zamani ya fi jin sarakunan Faransa a aji a kan Tanimun.

A cikin wannan yanayi Salifou ya tashi. Yana da shekara 18 Nijar ta samu ƴancin kai a 1960. Ya bi karatun tarihi har ya kai birnin Tulus na Faransa, inda ya yi digirinsa na dakta.

LITTAFIN 1971

A 1971 cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Yamai, wadda yau ake kira IRSH, ta buga littafinsa mai suna Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle, wato Damagaram ko daular Zinder a ƙarni na 19. Shi ne na 27 a jerin littattafan Études nigériennes. Lokacin kuwa zamani ne da masana irin su Bubu Hama ke dagewa a kan cewa abin da ke bakin tsofaffinmu shi ma hujja ce, in dai an tace shi. Hanyar da Salifou ya bi ke nan. Ya karanta takardun Turawa, ya kuma saurari dattawa, sannan ya gwama biyun ya ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Ku lissafa da kanku. Mutumin da ke da shekara goma lokacin da Faransawa suka shigo a 1899, shekararsa tamanin ke nan a 1969. Ma'ana, a daidai lokacin da ake wannan bincike, akwai sauran waɗanda suka ga zamanin Amadu Kuran Daga da idonsu, da kuma ƴaƴan waɗanda suka yi wa Tanimun yaƙi. Da an jinkirta shekara goma ko sha biyar, da yawancinsu sun tafi da abin da suka sani.

Wace Damagaram ce ta fito daga irin wannan bincike? Ƙaramar sarauta ce da wani malami ya kafa a ƙarni na 18, tana biyan gaisuwa ga Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da Zinder gidan sarauta. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi kimanin shekara talatin a kan gado ya rasu a 1884, shi ne ya mai da ita daular da maƙwabta ke shakka. Ya kewaye Birni da garu, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka riƙa zuba igwa a nan gida. Ayarin fatake na tasowa daga Tarabulus ya ratsa Sahara ya sauka a Zango, ya koma da fatun da majemanmu suka jeme da gashin jimina. Gishirin Bilma na biyowa ta nan ya nufi kudu. Daular ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, har ma dakarunta sun kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, kamar yadda mutanen Gezawa ke tunawa har gobe.

To, kun ga bambancin. A nan Zinder ba zango ba ce kawai da matafiyi ya kwana ya wuce. Ƙasa ce mai tsarin sarauta, da soja, da haraji, da siyasar waje, mai lissafin ribarta da asararta tsakanin Barno da Kano da Abzin.

MASANIN TARIHI BA MAROƘI BA NE

Akwai wani ɓangare da ba mu cika son a taɓo ba in ana hira. Ƙarfin Damagaram na wancan ƙarni, da bayi a cikinsa. Ana kai hari, ana kamo mutane, wasu a sa su noma da aikin gida, wasu a sayar su tsallaka Sahara. Mu ma an kama namu. Dorugu, yaron da aka haifa a ƙasar Damagaram aka kama shi bawa, shi ne wanda daga baya ya bi Barth zuwa Turai a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta. Maroƙi aikinsa ya wasa sarki, kuma yana da matsayinsa. Shi kuwa masanin tarihi dole ya faɗi garun da aka gina, ya kuma tambayi wa ya ɗauko ƙasar ginin. Salifou bai guje wa wannan batu ba, don a 2006 ya fitar da littafi musamman a kan bauta da fataucin bayi. Duk wanda zai gaje shi a garin nan, sai ya shirya faɗin abin da zai sosa ran wasu gidaje, har da nasa.

SHEKARUN DA ƘASA TA JUYE

Yawancin aikin Salifou a kan lokacin da Nasara suka shigo ya tsaya. Ga taƙaitaccen abin da ya faru, don matasanmu.

A watan Mayu na 1898 aka kashe kyaftin Kazamaju da tafintansa a Zinder. Yana kan hanyarsa ta zuwa wajen Rabe ne, wanda ya riga ya ci Barno, fada kuwa tana tsoron kada su biyun su haɗa kai a kanta. Shekara ɗaya bayan haka rundunar Bule da Shanuwan ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarna a Lugu da Birnin Ƙonni. Shugabannin biyu sojojinsu ne suka kashe su a tsakiyar watan Yuli na 1899, amma ragowar rundunar ta ci gaba. A ƙarshen wannan wata aka gwabza a Tirmini, dakarun Damagaram suka karye, Faransawa suka shiga Birni. A watan Satumba aka cim ma Sarki Amadu Kuran Daga a Rumji aka kashe shi.

Sai Faransawa suka naɗa Amadu Ɗan Bassa. A 1906 suka zarge shi da ƙulla makircin kashe Turawan gari, suka tuɓe shi, suka kai shi gudun dole Kodibuwa. Aka ɗora Ballama, wani bawan fada, ya riƙe gari, ba a sake naɗa sarki daga gidan sarauta ba sai 1923 da Barma Mustafa ya hau. Salifou ya yi nazari na musamman a kan wannan lamari na 1906. Har yau masana na muhawara: shin da gaske an shirya tawaye, ko kuwa ƙulli ne aka yi wa sarki? Ai wannan muhawarar ita ce alamar cewa aikin yana da rai.

Ya kuma rubuta a kan Malam Yaro, babban attajirin Zinder na ƙarshen ƙarni na 19, wanda harkarsa ta kai har arewacin Afirka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A lokacin da aka ɗauka tarihi na sarakuna ne da mayaƙa, shi ya ɗauki ɗan kasuwa ya ce ga wanda ya cancanci a bincika, don ta hanyarsa ake gane yadda kuɗi da bashi da amana ke tafiya tsakanin Zinder da Tarabulus.

A 1973 ya fitar da littafi a kan Kawusan, jagoran Abzinawan da ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga watan Disamba na 1916 zuwa Maris na 1917. Labarin ya shafe mu, don daga Zinder rundunar da ta je ta karya ƙawanyar ta tashi, kuma a kurkukun Zinder Sarkin Agadas Tagama, wanda ya mara wa Kawusan baya, ya mutu a 1920. Lokacin Zinder ce hedkwatar ƙasar Nijar gaba ɗaya, tun daga 1911 har 1926 da aka mai da ita Yamai. A 1977 kuma ya kammala babban kundinsa a Tulus, a kan mulkin mallaka da al'ummomin Nijar daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon yaƙin duniya na biyu. A 1989 ya fitar da Histoire du Niger, tarihin ƙasar baki ɗaya.

TARIHI A DANDALI

Salifou ya san cewa littafin bincike mutum nawa ne zai karanta. Shi ya sa ya ɗauki tarihin ya kai shi dandalin wasan kwaikwayo. Ya rubuta wasa mai suna Tanimoune, ya rubuta wani a kan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Wasan da ya yi a kan abin da ya faru a 1906 shi ne Mahamane Bakabe ya mayar fim a 1982 da sunan Si les cavaliers. Mu mutanen Zinder mun san ƙarfin wasan kwaikwayo, garin nan ya yi suna da shi a faɗin ƙasa. Abin da tsohuwa ba za ta karanta a takarda ba, in ta gan shi a dandali ko ta ji a rediyo, ta riƙe shi ke nan har ta ba jikokinta.

RANAR DA MAI RUBUTA TARIHI YA SHIGA CIKINSA

Salifou ya yi aiki da hukumomin ƙasa da ƙasa, ya kuma koyar a jami'ar Yamai. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, ƙasa ta ɗauki zafi har ta kai ga babban taron ƙasa. An buɗe shi ranar 29 ga Yuli 1991, aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, da wakilai kimanin 1,200. Shi aka zaɓa ya ja ragamar zaman. Wata uku cur mutane na manne da rediyo suna jin ana yi wa manyan jiya tambayoyi a bainar jama'a. Daga nan ya shugabanci majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya har zuwa zaɓen 1993, wanda ya kawo wani ɗan Zinder, Mahamane Usman, kan mulki. Salifou ya zama difite a ƙarƙashin jam'iyyarsa ta UPDP-Chamoua. Bayan juyin mulkin Janar Ba'are na watan Janairu 1996 ya karɓi muƙamin minista, har da na harkokin waje. A 2003 Tarayyar Afirka ta tura shi wakili na musamman a rikicin Kodibuwa, ƙasar da aka kai Sarkin Damagaram gudun dole kusan shekara ɗari kafin nan.

Ba kowa ne ya yaba wannan ɓangare na rayuwarsa ba. Akwai masu cewa bai dace wanda ya jagoranci taron da ya kawo dimokuraɗiyya ya shiga gwamnatin da ta biyo bayan juyin mulki ba. Littafinsa na 1993 a kan batun Abzinawa, wanda ya fito ana tsakiyar tawaye, shi ma ya sha suka daga wasu masana da wasu Abzinawa da suka ga ya karkata wajen gwamnati. Ba mu kawo wannan don mu rage masa daraja ba. Ma'aunin da ya auna sarakuna da shi, da shi za a auna shi. Wannan ma yana cikin abin da sana'arsa ta koyar.

WANI DARASI DAGA NESA

Tsoron kada tarihin jama'a ya salwanta, ba a kanmu aka fara ba. Bari mu ɗan leƙa wata al'umma mai nisa da mu, mu ga yadda masananta suka yi. Simon Dubnow masanin tarihin Yahudawa ne da aka haifa a daular Rasha a 1860. Ya lura cewa Yahudawan gabashin Turai suna da tsofaffin kundayen unguwanni, inda ake rubuta shari'u da haraji da shawarwarin dattawa, amma an bar su a ɗakunan ajiya suna ruɓewa. A 1891 ya yi kira ga talakawa, malaman makaranta da ƴan kasuwa da ɗalibai, kowa ya nemo abin da ke garinsu ya kwafa ya aiko. Da irin waɗannan takardu ya gina aikinsa, har ya rubuta tarihin al'ummarsa cikin mujalladi goma. Ƴan Nazi sun kashe shi a birnin Riga a 1941.

A birnin Warso na ƙasar Folan kuma, wani masanin tarihi mai suna Emanuel Ringelblum, da aka tsare su a unguwa guda lokacin yaƙin duniya na biyu, ya haɗa mutane a ɓoye suna tattara wasiƙu da shaidun jama'a, har da katin rabon abinci. Suka zuba su a akwatunan ƙarfe da garewanin madara suka binne. An kashe shi a 1944, amma an tono takardun a 1946 da 1950, yau suna cikin kundin abubuwan tunawa na duniya na UNESCO. Abin lura a nan shi ne, duka su biyun ba su tsaya jiran hukuma ba, kuma ba su ɗauka masani shi kaɗai zai iya ba. Mutanen gari suka sa a aikin.

ABIN DA YA RAGE MANA

Mu, alhamdu lillahi, ba yaƙi ne ke cin takardunmu ba. Gara ce, da ɗigar damina, da rabon gado, da sakaci. Malami ya rasu, a raba littattafansa gida huɗu, wasu a zuba a buhu a jefa saman ɗaki. Tsohon soro ya faɗi a Birni, a share wuri a zuba bulo, zanen da ke jikinsa ya tafi ba ko hoto.

Sannan Salifou da Faransanci ya yi rubutunsa, mafi yawanmu kuwa Hausa muke ji. Littafin da aka rubuta a kan kakanninmu, jikokinsu da dama ba za su iya karanta shi ba. Wannan giɓi ne da ya kamata malaman jami'armu da gidajen rediyonmu su cike: a fassara, a karanta babi-babi a iska, a bar dattawa su kira su gyara ko su ƙara.

Kuma tarihi bai tsaya a 1906 ba. Wanda ya ga ranar ƴancin kai yana saurayi, yau ya haura tamanin. Wa ya ɗauki muryar waɗanda suka yi dakon gyaɗa lokacin da take kasuwa? Wa ya zauna da waɗanda suka ga rikicin Sawaba na 1964, ko yunwar 1973 da ta 1984? Wa ya tambayi iyayenmu mata yadda suka yi shekara da shekaru suna fama da ƙishirwar garin nan? Dukawa da majema da maƙera da magina fa, wa ya rubuta yadda sana'arsu ta zo hannunsu?

Abin da Salifou ya yi da alƙalami da wahalar tafiya, yau wayar da ke aljihunmu za ta iya fara shi. Ga abin da kowa zai iya cikin wannan mako. Ka je wajen tsoho ko tsohuwar gidanku, ka nemi izini, ka kunna rikoda. Ka fara da faɗin sunan mai magana da wuri da kwanan wata, don maganar da ba a san mai ita ba ba ta zama hujja. Ka tambaye shi abin da ya gani da idonsa, da abin da ya ji, kuma daga wa ya ji. Kada ka gyara masa zance ko da ya saɓa wa abin da ka sani. In akwai tsofaffin takardu, na ajami ko rasit na haraji ko hotuna, ka ɗauki hotonsu shafi-shafi, asalin ya zauna a gida a wuri busasshe nesa da ƙasa. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, don waya tana faɗawa ruwa. In gida sun yarda, a kai kwafi ɗaya ga malaman tarihi na jami'a.

Magina na cewa tun ran gini ran zane, in laka ta bushe ba ta karɓar ado. Dattawanmu na nan da ransu yau, gobe kuwa ta Allah ce. Wanda ya ɗauko wani labari daga gidansu, ya aiko mana, in masu shi sun amince za mu kawo shi a nan kowa ya amfana.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya zaunar da Damagaram da Nijar lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.